Rumfar Masu Roƙon Ruwa

Ranar da 'yan Adar mazauna Abijan suka sa don roƙa wa gida ruwan damina, a ranar ce Zalihatu ta hango hadari tun yana ƙasar Gana.

Hango hadari shi ne aikinta. Ma'aikaciya ce a ofishin hasashen yanayi, wanda ake ce wa Meteyo, da ke kusa da filin jirgin sama, inda ake wuni ana kallon sama ba tare da an ɗaga kai ba. Tun da safe garin bai yi mata ba. Zafi ne irin na watan Afrilu, mai danƙo, wanda kana fitowa daga wanka kake neman komawa. Balan-balan ɗin awo da aka saki da sassafe ta aiko da abin da take tsoro: ƙasa cike da zafi da danshi, can sama kuma busasshiyar iskar gabas tana gudu. Tukunya ce a kan wuta an danne mata murfi. Da hantsi sai hoton tauraron ɗan'adam ya nuna dogon layin gajimare ya taso daga Togo, ya ratsa Gana, ya miƙo yamma. Ta kira wata takwararta a Akara, ita kuwa ta ce mata can har bishiyoyi sun kwanta a kan titi.

A makaranta an koya musu yadda a Turai iska mai sanyi ke tahowa ta tunkuɗa mai zafi sama, hadari ya haɗu a gabanta. Nan bakin teku babu wannan. Hadarin nan da sanyinsa yake tafe. Ruwan da ke zuba a cikinsa yana sanyaya iska, ta faɗo ƙasa da nauyi, ta ruga gaba tana share masa hanya. Wannan iskar ce ke ɗage rufin kwano, tun kafin ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa.

Ita da abokin aikinta Konan suka rubuta gargaɗi, aka aika gidajen rediyo da tashar jiragen ruwa. Sai da ta ajiye numfashi sannan ta tuna da rumfar mahaifinta.

Bana mahaifin nata, Alhaji Nomau, shi ne mai ɗaukar nauyin taron. Tun jiya ya sa an tare layi guda a unguwar Tireshbil, a ƙofar babban ɗakin ajiyar kaya na amininsa Alhaji Kalla, an kafa ƙatuwar rumfar tamfol mai ƙafafun ƙarfe, irin wadda a Abijan ake ce wa bash. Ba abin da ya riƙe ƙafafun nan sai bulo da aka jingina musu. Ƙarƙashinta za a jera dattawa bayan La'asar, wasu da sanda, wani ma sai an riƙo shi. Zalihatu ta sha ganin abin da iskar gaban hadari ke yi wa irin wannan rumfa. Cika ta take kamar buhu, ta ɗaga ta da ƙarafunanta, ta maka a kan duk wanda ya zauna ƙarƙashi.

"Je ki," in ji Konan. "Zan riƙa turo miki inda hadarin ya kai."

Ba ta ko gwada kiran waya ba. Alhaji Nomau a waya kalma biyu ya sani, "dakor, dakor", wato "to, to" da Faransanci, sai ya kashe. Ta tari tasi ta nufi unguwar Ajame.

Shagonsa na cikin kasuwar Bilak Maket, can inda hanya ke matsewa har mutum biyu sai sun yi gefe-gefe. Rediyo yake sayarwa da tocila da cajar waya da duk wani abu mai cin batir. Abu ɗaya ne ba ya shiga shagon, lema. Alhaji Nomau ya baro Adar ne a shekarar farin da shanu suka mutu a tsaye, yana saurayi, bayan ya binne waɗanda bai taɓa son a tambaye shi sunayensu ba. Tun daga nan bakinsa bai taɓa aibata ruwan sama ba, bai kuma yarda a aibata shi a gidansa ba. Yaron da ya kuskura ya ce ruwa ya hana shi wasa, ranar sai ya ji wa'azin da zai gwammace bulala.

Ta same shi yana saka farar babbar riga, ta durƙusa ta gaishe shi.

"A'a, Madam Meteyo da kanta? Lahiya dai?"

"Baba, hadari na zuwa, babba. Mun ba da alat, mun gargaɗi kowa. Zai iso wajen La'asar, ko bayanta kaɗan."

Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir da jika. "Alhamdu lillahi! Tun ba mu roƙa ba?"

"Baba, ba ruwan ba ne, iskar ce. Bash ɗin nan… se danjere." In hankalinta ya tashi Hausa guduwa take ta bar ta da Faransanci, kuma ta san hakan na ƙara mayar da ita yarinya a idonsa. Ta sake ɗauko zancen da Hausa. "Rumfar na da haɗari, a ɗage taron zuwa gobe, ko a shiga masallaci."

Ya leƙa kai waje, ya duba ɗan tsagin saman da ya rage tsakanin rufin shaguna. Fes yake, ko ƙyallen gajimare babu. Ya dawo da kallonsa gare ta, murmushin ya tafi.

"Ɗiyata, ki ji da kyau. Mutane sun rufe shagunansu, sun taho daga unguwannin Abobo da Kumasi, don su roƙi Ubangiji ruwa. Sai ni Nomau in miƙe in ce masu ku watse, abin da kuka roƙo shina tahe, mu ɓoye mai? Da wane baki? Wanda ya ga abin da munka gani ba shi gudun rahama." Ya gyara hularsa. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba shi hango shi."

Ta so ta ce masa abin da take leƙe da shi ya fi rimi tsawo nesa ba kusa ba. Ta dai riƙe bakinta, don gardama da Alhaji Nomau a gaban maƙwabtan shago ba ta taɓa haifar da komai ba sai ƙarin taurin kai. Ta fito idonta na zafi, haushi da tsoro sun haɗe mata.

Ta ƙetare gada zuwa Tireshbil. Rumfar na nan ta cika layin, shuɗiya, da kujerun roba a jere da tabarmi a gaba, har da fanka biyu masu tsayuwa. A wani lungu kusa da kasuwa ta iske Gwaggo Tsahara, ƙanwar mahaifinta, wadda ta rufe rumfarta ta atamfa yau don ta tsaya kan girkin sadaka. Gwaggo Tsahara mace ce da ba ta iya aiki bakinta a rufe. Tana juya shinkafa tana sauraren Zalihatu, tana kuma yi wa masu yanka albasa faɗa.

"Yaya Alhaji? Ki ce mai shi guji ruwa? Gara ki ce ma kihi shi hau bisa tudu." Ta share gumi da bakin zane. "Ni abin ga duk dariya shika ba ni. Roƙon ruwa da bash, da kujeru, da banti mai hura iska! A gida in anka hita roƙon ruwa, hili aka zuwa, tsakar rana, ƙasa na ƙuna ƙahwa, maza su juya rigunansu baibai. Wa ka neman inuwa? Amma Abijan ta lalata tsohhin ga, sun zama 'yan gayu."

Zalihatu ta tsaya cak. "Gwaggo, sake faɗa."

"In sake mi? Ke ma kin kurumce?"

Gwaggo ba ta sake ba, babu kuma bukata. Zalihatu ta riga ta ji abin da za ta ji. Ta matso ta yi wa gwaggonta raɗa, ita kuwa ta saki muciya ta riƙe haɓa, sannan ta fashe da dariya har da tafi. Ta ce ita dai nata mai sauƙi ne: za ta sa a buɗe ɗakin ajiyar Alhaji Kalla a jera abinci a ciki, kuma duk mai son cin sadakar nan ƙafarsa za ta kai shi.

Bayan Azahar Alhaji Nomau ya iso, Alhaji Kalla na gefensa suna duba shiri. Zalihatu ta je ta durƙusa a gabansu, ta sunkuyar da kai kamar mai neman fatawa.

"Baba, tambaya gare ni. Mu da aka haifa nan ba mu san gida ba. In an fita roƙon ruwa a Adar, wa ke kafa rumfar?"

Alhaji Kalla ne ya riga amsawa, da dariya. "Rumhwa? Wace rumhwa, ɗiyata? Mai roƙon ruwa shi sa rufi tsakaninai da sama? Ai kamar ka miƙa ƙwarya ne a zuba ma hura ka kihe ta." Bai rufe baki ba idonsa ya sauka a kan shuɗin tamfol ɗin da ke bisa kansu, dariyar ta maƙale.

Alhaji Nomau ya ɗaga kai. Ya dubi rumfar, ya dubi 'yarsa, ya daɗe yana dubanta. Ba yaro ba ne shi, ya san hannunka mai sanda in ya gan shi. Ita dai ba ta ɗago ba.

"Ku kira masu bash," ya ce a ƙarshe. "A sauke ta. Bana irin na gida za mu yi."

Aka sauke. Zalihatu ta tsaya kan ma'aikatan sai da suka naɗe tamfol, suka kwantar da ƙarafunan a gindin bango suka ɗaure. Ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji, amma rabin aikin ke nan. Mutanen na nan a fili, kuma iskar da ke ɗaga rumfa ba ta raina kwanon rufi ko allon talla.

Aka yi La'asar, dattawa suka zauna, aka raba izu aka fara karatu. Inuwar gidaje ta rufe rabin layin, sauran rabin kuwa rana ta samu nama. Gumi ya jiƙa manyan riguna. Wani tsoho ya ɗora hularsa a gwiwa yana fifita da takardar izu, har sai da liman, Malam Abdurrashid, ya harare shi. Sama kuwa ko alama. Iskar teku na kaɗawa a hankali, kamar kowace yamma.

Wayarta ta yi motsi. Konan ne: layin hadarin ya rage gudu a kan iyakar Gana, gefensa na kudu kamar yana raunana, mai yiwuwa ya bi ta arewa ya bar Abijan.

Ta fi kowa sanin hasashe ba alkawari ba ne. Hadari na iya tahowa kamar zai cinye gari, ya zo bakin kogi ya watse. In haka ta faru, ta gasa dattawan Adar a rana a banza, kuma ba ita za a tuna ba, Alhaji Nomau za a tuna, wanda ya biye wa 'yarsa. Tuni ta fara jin ƙus-ƙus daga bayan sahu. "Wai ɗiyar ce ta ce." "Wacce, ta meteyo? Su da kullum in sun ce rana sai a sha ruwa?" Ta saci kallon mahaifinta. Yana zaune a tsakiyar rana, inda ta fi zafi, ya ƙi matsawa inuwa, yana karatunsa bai ko share gumi ba. Tausayinsa ya kama ta har ta rasa abin da za ta roƙa, hadarin ya zo ko kada ya zo.

An kusa kai ƙarshen karatu sai iskar teku ta ɗauke. Ɗif, kamar an rufe ƙofa. Zalihatu ta taka zuwa bakin layin, inda ake hango gabas ta tsakanin benaye. Can ƙasa-ƙasa sama ta yi baƙi, baƙin da ke da shuɗi a ciki, gabansa kuma wani dogon gajimare ya kwanto kamar bakin faranti. Wayar ta sake motsi: hadarin ya haɗe, ya iso filin jirgi, an tsayar da sauka da tashi.

Ba ta gama karantawa ba ta ji shi a wuyanta, wani sanyi siriri mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ledoji suka tashi daga kwata suna juyi.

Ta ɗaga wa Gwaggo Tsahara hannu. Gwaggo kuwa dama jira take. Ta fito ƙofar ɗakin ajiya ta riƙe ƙugu, ta ɗaga muryar da ake ji daga wannan ƙarshen kasuwa zuwa wancan.

"Malam, a gahwarce ni! Abinci na ciki, kuma wallahi ba ni hiddo sadaka cikin ƙura. Mai so shi shigo tun da zahi!"

Malam Abdurrashid ya ɗago, ya ga gabas, ya ga Gwaggo. Malami ne mai fahimta. Addu'ar da ya saba ja har ƙafa ta yi tsami, ranar ya dunƙule ta, ya roƙa wa Adar ruwa mai albarka marar ɓarna, aka shafa. Dattawa suka miƙe da natsuwarsu, kowa na gyara riga. Babu wanda ya guji ruwa a cikinsu, abinci kawai suka tafi ci. In ka ga wani ya ɗan ƙara sauri, to yunwa ce.

Alhaji Nomau ne bai tashi ba. Yana zaune a tabarmarsa, tafin hannuwansa a buɗe, iska na kaɗa masa riga. Zalihatu ta zo ta tsaya a kansa, ta rasa kalmar da za ta faɗa da kowane harshe. Wani kwano ya fara ƙara a saman wani gida. Sai ga wani tsoho makaho da aka manta a ƙarshen sahu yana lalube da sandarsa. Alhaji ya gan shi, ya miƙe, ya kama masa hannu ɗaya, ita ta kama ɗayan, suka shiga da shi tare.

Ƙafarsu na shiga iskar ta sauka.

Ba a jin maganar kowa. Kujerun roba suka bi layi a guje, tabarmi suka tashi sama. A can ƙarshen layin akwai wani gidan abinci da ya kafa tasa rumfar a bakin titi, ƙarama, ba ta kai rabin tasu ba, masu ita sun tsere ciki sun bar ta. Suna kallo ta ƙofa ta kumbura, ta ɗaga ƙafafunta, ta wuntsulo cikin layin. Ta zo daidai inda sahun dattawa yake ɗazu ta maku da ƙasa. Ƙarfe ɗaya ya tsaga kujera gida biyu, wani ya daki ƙofar ɗakin ajiyar har ta lotsa, sannan iska ta ja ta ta yi gaba da ita.

Mai loma a hannu ya manta da ita.

Sai ruwa ya kece, kamar da bakin ƙwarya. Wani ya yi kabbara, sauran suka amsa, sai kuma ga dariya ta ɓarke ko ta ina, irin dariyar mutanen da suka leƙa rami suka ga zurfinsa bayan sun tsallake. Alhaji Kalla na ta faɗin ai shi ya fara cewa a sauke rumfar. Masu ƙus-ƙus ɗin ɗazu suka ce dama su tun safe jikinsu ya ba su. Gwaggo Tsahara ta ce duk wanda bai cinye nasa ba ta mayar da shi waje.

Zalihatu ta samu wani buhun shinkafa ta zauna. Ta duba ɗakin fuska bayan fuska, ba wanda ya yi ko ƙwarzane. Wani daɗi ya taso mata mai kama da gajiya, hawaye suka zubo, ta bar su.

Mahaifinta na tsaye bakin ƙofa, feshin ruwa na jiƙa masa gaban riga, yana kallon tsagaggiyar kujerar nan. Sannan ya juyo, ya zo ya tsaya kusa da ita, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji sai ita.

"Tambayag ga da kinka yi min, ta rumhwa. Da na ce a bar ta fa? Mi za ki yi?"

Ta share fuska da bayan hannu. Wannan karon Hausar ba ta guje mata ba.

"Da na zo na zauna kusa da kai a ƙarƙashinta, Baba."

Ya ɗora hannunsa a kanta. Bai ɗauke shi ba har ruwan ya fara sassautawa.